Tattaki a dajin Amurum: Mai ciwon gwiwa ce ke jan gaba



Ki tambayi ɗanki ɗan shekara 10 abin da ake samu a daji, da wuya ki ji ya ambaci ɗinya ko kanya. 'Yan bindiga zai ce miki. Ba kuwa laifinsa ba ne, abin da yake ji ke nan a rediyo, shi kuma yake gani a wayarki. Rugu, Kamuku, Falgore, Sambisa, sunayen da a da sai ana hirar farauta ko kiwo ake kawo su, yau sun koma na labaran garkuwa da mutane da kuɗin fansa. Mu ma da muka tashi muna bin kakanninmu tsintar kaɗanya, rabon yawancinmu da taka ciyawar da ba ta bakin titi ba har mun manta. Saboda haka na san idan na ce mu mata 14 mun kwashi ƙafa mun shiga daji yawo, tambayar farko da za ki yi ita ce: wane dajin, kuma wa ya bar ku?

Dajin shi ne Amurum, a gefen ƙauyen Laminga da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas a Jihar Filato, kimanin kilomita 15 daga cikin garin Jos. Kada ki haɗa Laminga da Lamingo, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yake. Ta Lamingon ake bi, amma sai an ƙara gaba. Dajin ba wani babba ba ne, faɗinsa kimanin hekta 300 ne. Darajarsa ita ce yana cikin 'yan guntayen da suka rage na asalin dajin wannan tsauni. Haƙar kuza da aka fara tun farkon ƙarni na 20 ta ci itatuwa masu yawa, noma da itacen girki suka bi sauran. Dogayen itatuwan turaren nan da suka cika gefen titunan Jos da Bukuru dasa su aka yi daga baya, baƙi ne, asalinsu daga Ostareliya. A Amurum kuwa abin da ƙasar ta haifa da kanta ne a tsaye.

A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye a wurin, wadda ake kira APLORI a taƙaice, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da mutanen Laminga, da kuma attajirin nan A. P. Leventis wanda cibiyar ke ɗauke da sunansa. Waɗanda suka manyanta za su tuna kantin Leventis, to gidansu ɗaya. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban kan zo nan yin digiri na biyu. Wato dai wuri ne mai masu shi, da mutane a cikinsa kullum, kuma wurin bincike ne, ba a faɗa masa kai-tsaye kamar gidan zu. Shugabarmu sai da ta nemi izini tun ana saura mako 2, aka kuma haɗa mu da ɗan rakiya.

Ƙungiyar tamu ba ta da suna, ba ta da ofis, zauren WhatsApp ne kawai. Wata nas da ta yi ritaya ce ta fara ta, bayan ta gaji da faɗa wa mata masu hawan jini da ciwon suga su riƙa motsa jiki, su ce mata to, su koma gida su zauna. Ta gane ba ƙyuya ce ke hana su ba. Matar aure 'yar shekara 45 ba za ta fito ita kaɗai da safe tana zagaya unguwa ba gaira ba dalili, kafin ta dawo an tambaye ta ko lafiya sau 10, an kuma kai wa maigida labari. Amma in su 6 ne da hijabansu, suna tafe suna hira, ba mai ɗaga ido ya dube su. Sai ta fara bi gida-gida tana ɗaukarsu. Sau 3 a mako ake fita bayan an sallami yara makaranta, rabin awa zuwa minti 40, duk a cikin gari. Fita bayan gari kuwa sai jefi-jefi. Maƙwabciyata ce ta saka lambata a zauren, ranar da aka kawo maganar Amurum na ce a rubuta da ni.

Maigida ya yi tambayoyinsa, kuma tambayoyi ne na hankali: su wa za su, wa ya san hanya, wa zai ja motar, ƙarfe nawa za a dawo. Duk shugabar ta riga ta rubuta amsoshinsu a zauren, don ta san kowace sai an yi mata su. Direban bas ɗin mijin ɗaya daga cikinmu ne, wata kuma ta zo da ɗanta saurayi. A ganina nan ne ƙungiya ta fi amfani. Mata da yawa ba hana su fita ake yi ba, amsa ce ba su da ita idan an tambaye su.

Mun isa wajen ƙarfe 7 na safiyar wata Asabar a ƙarshen Nuwamba. Wadda ta san Jos ta san nufin wannan: garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin hunturunsa kuwa har cikin ƙashi. Kowa da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi ko gyale, da safa, da takalmin kambas, wasu ma na 'ya'yansu suka aro. Ɗan rakiya ya roƙe mu kada a sauka daga kan hanya saboda macizai, kada a tsinki komai, a kuma rufe bakin wayoyi. Daga nan shugabar ta maimaita doka guda da ƙungiyar ba ta wasa da ita: wadda ta fi kowa rashin sauri ita ke shiga gaba, kuma ba mai wuce ta. Ran nan wata dattijuwa ce Bazazzagiya, 'yar shekara 60 da 'yan kai, mai fama da gwiwa, da sandarta a hannu. Hajiya Babba muke ce mata.

Da farko dokar na da cin rai, musamman ga masu jini a jika. Ƙafa ta saba da saurin kasuwa da na ɗauko yara, ga shi an ce ki bi bayan mai yin taku 20 ta tsaya ta numfasa. Amma sannu ba ta hana zuwa, a daji ma ita ke sa a ga abin da aka zo gani. Duk inda Hajiya ta tsaya akwai itace a gefenta, kuma ta san shi.

Ɗan rakiyar matashi ne ɗan Laminga. Ya san sunayen itatuwan na boko da na yarensu Izere, wato Jarawa kamar yadda muka saba ce musu. Hausarsa garau, amma sunayen itatuwa na Hausa kaɗan ya riƙe. Sai abin ya koma musaya.

"Ɗana, wannan me kuke ce masa?"

Ya faɗa mata.

"To mu maje ne. Ke amarya, matso nan ki shinshina."

Maje dogo ne, jikinsa toka-toka, rassansa sun buɗe ta sama kamar mazurari. A jikin wannan akwai wani tsagi inda ƙaro ya tsattsafo ya daskare. Ƙaron majen nan da muke saye a ƙulle a leda wurin masu kayan turaren wuta mu zuba a kasko, ga uwarsa a tsaye. Amaryar ta ce ita duk zatonta daga Maiduguri ko Chadi ake kawo shi tare da sauran kayan haɗi. Aka yi mata dariya, amma da aka bi layi ana tambaya, cikinmu 14 mutum 3 ne kacal suka taɓa ganin itacen.

Gaba kaɗan sai kalgo, mai ganye rabe biyu kamar tafin raƙumi, ga 'ya'yansa busassu suna reto. Hajiya ta ce a ƙauyensu ba a neman igiya in akwai kalgo a kusa, ɓawonsa ake salewa a ɗaure dami. A gindin ɗorawa ne ta fi daɗewa, duk da ba lokacin 'ya'yanta ba ne. Ta lissafa mana da yatsu: garin nan rawaya da yara ke sha har ya ɓata musu baki, kalwar da ake dafawa a rufe ta kwana biyu ko uku ta zama daddawa, sai makuba daga ɓawon, wadda ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi kamar siminti. Wata mai shagon ɗinki ta ce 'yarta ta taɓa tambayarta ko daddawa a kamfani ake yi. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, don kowa ta san nata yaran ma za su iya yin tambayar.

Gardama ta tashi a kan wani itace mai dogayen ganye a cure a ƙarshen reshe. Rabinmu suka rantse kaɗanya ce. Hajiya ta girgiza kai, ta ce namijin kaɗe ne, kama ce kawai, ko shekara 100 kika yi a gindinsa ba za ki tsinci ɗan kaɗanya ba. Wata ta ce ai shi ya sa aka ce masa namiji, ga kwarjini ba mai. Nan ɗan rakiyar ya tsaya wa 'yan'uwansa maza, ya ce, "A'a Mama, shi ma ana matse mai daga 'ya'yansa, nasa ne dai daban." Aka ce to ya ci albarkacinka.

Daga filin ciyawa da gajerun itatuwa hanya ta gangara zuwa kurmi, inda itatuwa suka bi bakin rafi suka haɗe kai ta sama. Lokaci guda haske ya ragu, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye, ƙurar hunturu ta ɓace daga hanci. Nan malmo yake, da ɓaure iri-iri, da ɗinya. Lokacin 'ya'yan ɗinyar ya wuce, sai dai labarin maɗi da na ɗinkin, wato sabon tohon ganyenta da ake kwaɗawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai maɗaci ne. Duk maɗacin da na sani a cikin gari jikinsa a sassaƙe yake har iya inda hannu ke kaiwa, saboda masu neman saƙe-saƙin ciwon ciki. Ban taɓa ganin maɗaci da rigarsa cikakkiya ba sai ran nan.

Akwai kuma baƙuwa mara kunya, lantana, wata 'yar ƙaya-ƙaya mai ƙananan furanni ja da rawaya da ke kama gefen hijabi. Asalinta daga nahiyar Amurka, don ado aka yaɗa ta a duniya, yanzu ta zama alaƙaƙai, tana mamaye wuri ta hana na gida tsirowa.

Da muka fito gindin duwatsu ɗan rakiyar ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Mata 14 su yi shiru na minti 5, wannan ma abin a rubuta ne. Amma sai da bakinmu ya mutu sannan dajin ya buɗe nasa. Kurciya ta can, ragon maza na ta bugun gorarsa a cikin ciyawa, sannan kazar dutse ta ɓarke da kuka daga saman wani falalen dutse, 'yan'uwanta suka amsa. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a wannan ɗan dajin, shi ya sa yake cikin jerin wuraren da masana na duniya suka ware a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye.

Wanda aka fi zuwa nema ɗan mitsitsi ne, ɗan'uwan jan tsuntsun nan da ke shigo mana tsakar gida yana tsintar tsaki, sai dai shi a cikin duwatsu yake zama, bayansa ja wur, bakinsa shuɗi-shuɗi. Sai a 1998 masana suka san da shi a matsayin jinsi na daban, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Robert Payne ya wallafa bayaninsa daga nan tsaunin Jos. Ɗan rakiyar ya miƙa madubin hangen nesa ana karɓa-karɓa. Wasu sun gan shi sosai, ni dai wulgawar ja na gani tsakanin duwatsu biyu, shi ke nan.

Labarinsa ne ya fi ganin nasa daɗi, kuma labari ne na iyaye mata. Akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, shi ma ɗan ƙarami, da macensa ba ta yin sheƙa. Sai ta faki idon jan tsuntsun ta je ta saka ƙwanta a cikin nasa. Idan aka ƙyanƙyashe, cikin bakin ɗan baƙon na ɗauke da irin alamun da ke bakin 'ya'yan gida, don haka uwar ba ta bambancewa, tana ciyar da su gaba ɗaya. Shi kuma ba ya turo 'yan gida waje, tare suke tashi. Abin mamakin shi ne idan namiji ne ya girma, waƙar uban riƙonsa yake rerawa, macen da ta tashi a irin wannan sheƙa kuma mai wannan waƙar take zaɓa. Waƙar ɗan riƙon ce ma ta sa masu bincike suka bi sawu har suka gano mai gidan. Ai kuwa nan shirun ya ƙare. Wata ta ce agola ke nan mai halacci, wata ta ce ina halacci ga uwar da ta yar da ƙwai ta tafi yawonta. Wadda ke riƙon 'ya'yan ƙanwarta marigayiya ba ta ce komai ba, sai da aka ci gaba da tafiya ta sa ɗan rakiyar ya sake maimaita mata wurin waƙar.

Ya kuma nuna mana wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da ba za ki ko kalle su sau biyu ba. Baƙi ne daga Turai. Nauyin wasu bai kai giram 20 ba, amma suna ƙetare teku da hamadar Sahara su iso nan wajen ƙarshen damina, su koma idan bazara ta gabato. Masu binciken kan kama su da raga, su auna, su saka musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa su sake su. Ta haka aka gane wasunsu kan dawo daidai wurin da suka zauna bara.

Mun huta a kan wani faffaɗan dutse mara tsayi, wanda ko Hajiya ta hau da taimakon hannu biyu. Daga nan ana hango duwatsun Shere, ana kuma ganin iyakar dajin ƙarara kamar an ja layi: nan itatuwa, can gonaki da fili fetal. Ni ba na cikin masu zagin matar ƙauyen da ke saran itace. Wadda ba ta da kuɗin gas da me za ta dafa wa yara tuwo? Buhunan gawayin da ake saukewa a kasuwannin birni kuma ba ita ke ƙona su ba. Abin da na gani dai shi ne wannan guntun ya tsira ne domin mutanen da ke zaune a gefensa suna cikin yarjejeniyar tsare shi, 'ya'yansu kuma na samun aiki a ciki.

Aka buɗe kuloli. Kwaɗon zogale, soyayyen dankalin Turawa, shayi mai citta a filas, da gwaten acca mai zafi da wata abokiyar aikin shugabar ta kawo. Mutum 4 a cikinmu Kiristoci ne. Wadda ba ta zauna a Jos ba ba za ta ga abin faɗa a nan ba. Amma tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, unguwanni suka rabu, har akwai haifaffun garin da suka shekara 20 ba su taka wasu layukan ba. Ba wanda ya yi wa'azin zaman lafiya a kan dutsen nan. An dai yi musu a kan ko gwate ya fi daɗi da yakuwa ko da gauta, aka kuma karɓi lambar mai ɗinki.

Duk tafiyar ba ta wuce kilomita 3 ba, amma ta ci mana awa 2 da rabi. Shugabar ba ta ɓoye mana ba, ta ce irin wannan tafiyar hawainiya sau ɗaya a wata biyu ba ita za ta saukar da hawan jini ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ki ji numfashinki ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Wannan aikin fitar cikin gari ne, kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Amfanin zuwa daji, in ji ta, shi ne yana riƙe mata a ƙungiyar. Bayan kowace irin wannan fita, waɗanda suka fara laƙwasa sai su dawo.

Wadda ke Kano ko Zariya ko Damagaram kada ta karanta wannan ta tara ƙawaye su nufi duk dajin da ya fi kusa. Tsoron da muke ji ba na banza ba ne, akwai dazukan da ko maza da rana tsaka ba sa shiga. A nemi wurin da ke da masu kula da shi, kamar lambun itatuwa na jami'a ko gandun gwamnati da ke cikin gari, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon da za a je, a fita da safe a dawo kafin azahar. A kuma nemi tsohuwa guda da ta tashi a ƙauye a tafi da ita, ko da kuwa sai an riƙe mata hannu. Sunayen nan a kanta suke, kuma yawancinsu ba ta faɗa wa jikokinta ba, don ba a taɓa tsayawa da ita a gindin itacen ba.

A cikin bas aka yanke shawarar komawa a watan Fabrairu, lokacin da ɗorawa ke fitar da jajayen furanninta masu reto kamar tuntun hular dara. Za a sake neman izini, wannan karon har da yara daga shekara 8 zuwa sama, kowace uwa da ɗa ɗaya, don kada hayaniya ta kori tsuntsayen. Hajiya Babba ta ce za ta zo in gwiwa ta yarda, amma ta sauka daga muƙaminta. Mai shagon ɗinki za ta kai wata 6 da ciki a lokacin, in likitarta ta amince ita ce za ta ja gaba.